Tarken Takardun Bayanin Na'urar Gyaran Hoto ta OpenAI ta Fuskar Wakilin Inji

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da aka fara rubuta wa manhajojin kwamfuta takardun bayani, mutum ake rubuta wa, watau injiniyan da zai zauna ya karanta, ya gwada, ya yi kuskure, ya koma ya sake dubawa. Irin wannan mai karatu yana da hanyoyi da yawa na cike giɓin da marubuci ya bari. In bai gane wata magana ba sai ya buɗe wani sashe, ko ya tambayi abokin aikinsa, ko kuwa ya dubi sakamakon da ya fito da idonsa ya ga cewa ba abin da ya nema ba ke nan.

A 'yan shekarun nan an sami wani sabon mai karatu, shi ne abin da za mu kira wakilin inji a wannan takarda. Wakilin inji manhaja ce da aka gina a kan injin harshe na ƙirƙirarriyar basira, wadda ake ba ta aiki a dunƙule, ita kuma ta zaɓi kayan aikin da za ta kira, ta cike musu gurabe, ta karɓi amsa, ta yanke shawarar mataki na gaba, ba tare da mutum ya tsaya a kanta a kowane mataki ba. Kamfanin OpenAI ya fitar da tsarin da injin harshe zai riƙa kiran kayan aiki a watan Yuni na 2023. A watan Nuwamba na 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, wadda ta daidaita yadda ake gabatar wa wakili da kayan aiki: kowane kayan aiki yana da suna, da ɗan taƙaitaccen bayani, da jadawalin guraben da za a cike.

Manufar wannan takarda ita ce mu yi tarken takardun bayanin wata na'ura guda ɗaya, watau ƙofar gyaran hoto ta kamfanin OpenAI, mu ga ko sun wadatar da irin wannan mai karatu. Mun taƙaita nazarinmu a kan takardun kamar yadda suke a shekarar 2025, bayan an buɗe injin gpt-image-1 ga masu gina manhajoji a watan Afrilu na wannan shekarar. An fitar da wasu injina bayan wannan, an kuma yi wa takardun gyare-gyare, don haka duk abin da za mu faɗa a nan game da wancan zubi ne. Ra'ayin da za mu kare kuwa shi ne: takardun sun ƙware wajen koya wa wakili yadda zai kira na'urar, amma sun ajiye muhimmin bayani game da abin da na'urar za ta yi wa hoton a wurin da wakili ba lalle ne ya gani ba.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin mu shiga cikin tarken, ya kamata mu daidaita kalmomin da za mu yi amfani da su, tun da yake fannin sabo ne a Hausa.

Gurbi shi ne kowane wuri da mai kiran na'ura zai sa wani bayani, kamar gurbin hoto, da gurbin umarni, da gurbin girma. Umarni shi ne maganar da ake rubuta wa inji cewa ga gyaran da ake so. Ɗigo shi ne mafi ƙanƙantar yanki na hoto, wanda da shi ake auna faɗi da tsawo. Mayafi kuwa wani hoto ne na biyu da ake shimfiɗawa a kan na asali don a nuna wa inji inda zai taɓa da inda zai bari.

Takardun da muka duba kashi uku ne. Akwai Ƙamusun Gurabe, inda aka jera kowane gurbi da ɗan bayaninsa. Akwai Jagora, wanda yake doguwar magana ce mai misalai da gargaɗi. Akwai kuma kundin da aka rubuta bisa ƙa'idar OpenAPI, wanda manhaja ke iya karantawa kai tsaye. Wannan na uku yana da muhimmanci a gare mu, domin daga irinsa ne galibi ake ciro jadawalin da ake miƙa wa wakili, kuma bayanan gurabe da ke cikinsa su ne dai waɗanda ke cikin Ƙamus.

3.0 Ma'aunin Tarke

Kalmar wakili da muka zaɓa ba baƙuwa ba ce ga mahalarta wannan taro. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta wakilin da aka sakar wa al'amari gaba ɗaya da wakilin da aka ɗora wa wani aiki keɓaɓɓe, sun kuma nuna cewa na biyun ba shi da ikon ƙetare iyakar da aka shata masa. Wanda ya ce wa wakilin inji ya cire wata igiyar lantarki da ta gitta a bayan hoton iyalinsa ya ba shi wakilci keɓaɓɓe ne. In hoton ya dawo babu igiya amma fuskar mahaifiyarsa ta sauya, to an ƙetare iyaka, ko da kuwa sauyin ɗan kaɗan ne.

Daga nan muka ciro tambayoyi huɗu da za mu auna takardun da su:

(a) Shin wakili zai iya gano yadda ake kiran na'urar daga abin da aka miƙa masa kaɗai?
(b) Shin an gaya masa gaskiyar abin da zai faru da hoton?
(c) Shin an gaya masa abin da kiran zai ci na kuɗi da na lokaci?
(d) In kiran ya faskara, shin zai san ko ya sake gwadawa, ko ya gyara wani abu, ko ya koma wurin mai aikin?

Sharaɗin da ke ƙarƙashin tambayoyin duka shi ne, wakili ba ya sanin komai game da na'ura sai abin da aka ɗora masa a gabansa a lokacin aikin, da kuma abin da ya taso da shi daga horon da aka yi masa, wanda mai yiwuwa ne ya tsufa. Gargaɗin da yake a wani sashe dabam, wanda ba a miƙa masa ba, a wurinsa daidai yake da gargaɗin da ba a rubuta ba.

4.0 Inda Takardun Suka Yi Ƙoƙari

Adalci ne mu fara da yabo, domin akwai abin yabawa. Ta fuskar tambaya ta farko takardun sun yi zarra. An fayyace irin hotunan da gpt-image-1 yake karɓa, watau PNG da WEBP da JPG, an kuma faɗi cewa ana iya aika masa har guda 16 a kira ɗaya. An faɗi iyakar tsawon umarni: haruffa 1,000 ga tsohon inji DALL·E 2, haruffa 32,000 ga sabon. An jera girman hoton da za a iya nema ɗaya bayan ɗaya, haka ma matakan inganci. Irin wannan bayani mai adadi shi ne abincin wakili, domin ba ya bukatar fassara ko hasashe.

Haka kuma, wallafa kundin OpenAPI a fili babban taimako ne. Ƙa'idar ta samo asali ne daga tsarin Swagger, aka mayar da ita hannun wata ƙungiya ta haɗin gwiwa a 2015, kuma amfaninta shi ne manhaja ta iya sanin sunan kowane gurbi, da irin abin da yake karɓa, da ko tilas ne a cike shi, ba tare da ta yi ta lalube cikin zube ba. Kamfanin da ya wallafa irin wannan kundi ya rage wa masu gina wakilai rabin wahala.

Abu na uku da ya cancanci yabo shi ne Jagora bai ɓoye raunin injin ba. Akwai sashe na musamman da ya ambaci cewa umarni mai sarƙaƙiya yana iya ɗaukar har minti biyu, cewa injin yana iya kasa daidaita rubutu a cikin hoto, cewa yana iya kasa riƙe kamannin mutum ko tambari ɗaya daga wannan hoto zuwa wancan, kuma yana iya kasa ajiye abubuwa daidai inda aka ce ya ajiye su. Ba kowane mai kaya ne yake faɗin aibin hajarsa ba. Matsalar da za mu nuna a gaba ta wurin da aka ajiye wannan gaskiya ce.

5.0 Matsalar Mayafi

5.1 Alkawarin da ya sauya

A zamanin DALL·E 2, wanda aka buɗe wa masu gina manhajoji a watan Nuwamba na 2022, mayafi shinge ne. Mai aiki zai kawo hoto mai kusurwa huɗu daidai, na PNG, wanda bai kai megabayit 4 ba, ya share yankin da yake so a gyara, injin kuma ya cike wannan yanki ya bar saura. Wanda ya saba da wannan aiki ya san cewa abin da ya lulluɓe ya tsira.

Da gpt-image-1 ya zo, sunan gurbin bai canza ba, ƙofar ma ba ta canza ba, amma alkawarin ya canza. Jagora ya faɗi a fili cewa sabon injin yana ɗaukar mayafi a matsayin manuniya ne kawai, umarnin da aka rubuta shi ne yake ja, kuma ba lalle ne ya bi siffar mayafin daidai wa daida ba. Ma'anar wannan ita ce, yankin da aka lulluɓe ba shi da tabbacin zai dawo kamar yadda ya tafi.

To, amma in muka koma Ƙamusun Gurabe muka karanta bayanin gurbin mayafi, sai mu ga abin da aka faɗa shi ne: wuraren da aka bari garau, waɗanda ake hango na ƙasa ta cikinsu, su ne ke nuna inda za a gyara, in hotuna da yawa aka aiko, a kan na farko za a ɗora mayafin, dole ya zama PNG, kuma girmansa ya yi daidai da na hoton. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai wancan gargaɗi, wanda shi ne mafi nauyi, ba ya cikin wannan bayani. Wakilin da aka miƙa wa jadawalin gurabe kaɗai zai karanta cewa mayafi yana nuna inda za a gyara, ya fahimci cewa inda bai nuna ba ba za a gyara ba. Wannan fahimta ce ta hankali, kuma tsohon saninsa na DALL·E 2 zai ƙara masa tabbaci a kanta. Daga nan sai ya koma wurin mai aikin ya ce an cire igiya, ba a taɓa komai ba. Bai yi niyyar ƙarya ba. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Injiniya mutum ba zai daɗe cikin wannan duhu ba, domin zai ajiye hotunan biyu gefe da gefe ya ga bambanci. Wakili kuwa, ko da yana da ikon duban hoto, ba zai kwatanta ɗigo da ɗigo ba sai in wani abu ya sa ya yi zargin akwai bukatar haka. Takardar da ya karanta ba ta ba shi dalilin zargi ba.

5.2 Fari da baƙi

Akwai matsala ta biyu game da mayafi, wadda ta shafi bambancin al'ada tsakanin na'urori. A na'urorin da aka gina a kan Stable Diffusion, wanda aka saki a watan Agusta na 2022, mayafi hoto ne na fari da baƙi: fari shi ne inda za a sake zanawa, baƙi shi ne inda za a bari. A na'urar OpenAI kuwa ba launi ake dubawa ba, ana duba abin da ake kira layin alfa ne, watau ma'aunin da ke nuna ko ɗigo garau yake ko a toshe. Ed Catmull da Alvy Ray Smith ne suka ƙirƙiro wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970. Tsarin PNG yana ɗauke da layin alfa, JPG kuwa ba ya ɗauke da shi, shi ya sa ba a yin mayafi da JPG.

Jagora ya kawo misalin yadda za a mayar da mayafin fari da baƙi ya zama mai layin alfa, ta hanyar ɗaukar hasken kowane ɗigo a matsayin ma'auninsa na alfa. Wannan taimako ne. Amma mu dubi abin da zai biyo baya. Hasken baƙi sifiri ne, alfa sifiri kuwa garau ke nan, garau kuma shi ne inda za a gyara. Ashe ke nan baƙi ya zama wurin gyara, akasin al'adar Stable Diffusion. Wakilin da ya zana mayafinsa bisa waccan al'ada, ya bi da shi ta wannan hanya, zai umarci inji ya gyara duk abin da aka ce a bari, ya bar abin da aka ce a gyara. Na'urar ba za ta nuna kuskure ba, domin mayafin ya cika duk sharuɗɗan da aka gindaya. Jimla ɗaya a cikin bayanin gurbin, mai cewa a lura wannan ya saɓa da al'adar fari da baƙi, da ta isa ta toshe wannan kafa.

5.3 Fuska da girma

A watan Yuli na 2025 an ƙara wani gurbi da ke ƙayyade irin ƙoƙarin da injin zai yi wajen riƙe kamannin hoton asali, musamman kamannin fuska. Matakai biyu gare shi, babba da ƙarami, kuma in ba a cike shi ba ƙaramin ake ɗauka. Bayanin gurbin a fayyace yake. Abin da muke ƙorafi a kai shi ne ba a ɗaure shi da gurbin mayafi ba, alhali aikinsu ɗaya suke yi wa hidima. Wakilai sukan cike guraben da suke tilas da waɗanda aikin ya ambata, su bar saura a yadda suke. Don haka, in ba a gaya wa wakili cewa duk hoton da yake da fuskar mutum yana bukatar babban mataki ba, zai tafi da ƙaramin.

Haka batun girma yake. Girma uku gpt-image-1 yake fitarwa: ɗigo 1024 sau 1024, da 1536 sau 1024, da 1024 sau 1536. An faɗi wannan, ba a ɓoye ba. Abin da ba a fitar wa mai karatu ba shi ne abin da hakan ke haifarwa ga aikin gyara. A ƙaddara an kawo hoton waya mai ɗigo 4000 sau 3000, watau ɗigo miliyan 12. Mafi girman abin da zai dawo shi ne ɗigo 1,572,864, kusan kashi ɗaya cikin takwas na asali. Daɗin daɗawa, ma'aunin faɗi da tsawo na asali huɗu bisa uku ne, na wanda ya dawo kuwa uku bisa biyu, saboda haka tilas wani abu ya ragu ko ya ƙaru a gefe. Kalmar gyara tana sa mutum ya zaci hotonsa ne zai dawo masa da ɗan canji. Abin da yake dawowa sabon hoto ne da aka zana bisa kwaikwayon nasa. In wakili bai san da wannan ba, yana iya ajiye sabon a kan tsohon, asali ya salwanta.

6.0 Ƙofa Ɗaya, Injina Biyu

Wani abin da ya ƙara wa wakili wahala shi ne injina biyu masu halaye dabam-dabam suna amfani da ƙofa ɗaya da jadawali ɗaya. Saboda haka gurabe da yawa suna ɗauke da togaciya a cikin zube: wannan na gpt-image-1 ne kaɗai, wancan na DALL·E 2 ne kaɗai. Mutum zai karanta ya tace. Amma a jadawalin da manhaja ke tantancewa, duk guraben a jere suke kamar kowanne halal ne a kowane hali, kuma jerin girman hoto ya haɗa na tsohon inji da na sabo.

Misali mafi fitowa fili shi ne gurbin da ake zaɓen yadda amsa za ta dawo. DALL·E 2 yana iya dawo da adireshin da za a je a ɗauko hoton, wanda yake mutuwa bayan minti 60, ko kuwa ya dawo da hoton kansa a rubuce cikin tsarin base64. Shi kuwa gpt-image-1 base64 kaɗai yake dawowa da shi, kuma bai san da wancan gurbi ba. An faɗi haka a cikin bayani. Sai dai ba a nuna nauyin abin ga wakili ba. Tsarin base64 yana ƙara wa fayil kashi ɗaya bisa uku na girmansa, don haka hoton megabayit ɗaya da rabi zai zama haruffa kusan miliyan 2. In aka zuba wannan kai tsaye cikin abin da wakili yake karantawa, zai cika masa ƙwaƙwalwar aiki, ya ture umarnin da aka ba shi tun farko. Takardar da aka rubuta da wakili a zuciya da ta ce: kada a karanta wannan amsa, a ajiye ta a fayil, a miƙa sunan fayil ɗin kawai.

7.0 Kuɗi, Lokaci da Kuskure

Ta fuskar kuɗi, alkaluman suna nan ga mai nema. Ana lissafin hoton da ya fito da wasu ƙwayoyin lissafi, kuma farashin da aka sa a 2025 shi ne dala 40 a kan ƙwaya miliyan ɗaya. Hoto mai kusurwa huɗu daidai yana cin ƙwaya 272 a ƙaramin inganci, 1,056 a matsakaici, 4,160 a babba. In muka lissafa, ƙaramin ya tashi kimanin santi ɗaya, babban kuwa kusan santi 17, watau ninki 15. Wannan bayani yana cikin Jagora da takardar farashi. Gurbin inganci kansa sunayen matakai kawai ya jera. Wakilin da aka ce wa ya yi aiki mai kyau zai zaɓi babba a kowane gwaji, alhali hikima ita ce ya gwada da ƙarami har sai umarni ya daidaita.

Lokaci ma yana da nasa tarko. Mun ambaci cewa kira yana iya kai minti biyu. Wasu kayan haɗa wakilai kuwa, in ba a canza musu ba, daƙiƙa 60 suke jira su yanke. Wakilin da aka yanke wa kira zai zaci aikin bai yiwu ba, ya sake aikawa. A nan kuma sai wata sifa ta na'urar ta shigo: ba ta da gurbin da ake ɗaure sakamako da shi don a maimaita shi, irin wanda Stable Diffusion yake da shi. Kowane kira sabon hoto ne da sabon caji. Gyaran da aka yi wa ƙa'idar MCP a watan Maris na 2025 ya kawo alamomin da ake liƙa wa kayan aiki don a nuna ko karatu kawai yake yi, ko yana iya ɓata abu, ko maimaita kiransa ba ya ƙara komai. Wannan ya nuna cewa masu tsara ƙa'idar sun gane wakili yana bukatar irin wannan sani. Mai naɗe na'urar gyaran hoto cikin MCP kuwa sai ya tattaro amsoshin da kansa daga sassa dabam-dabam.

Game da kuskure, abin da aka zayyana dalla-dalla a ƙarƙashin ƙofar gyara shi ne amsar nasara. Bayanin kurakurai yana wani sashe na bai ɗaya da ya shafi dukan ƙofofin kamfanin. A can an nuna cewa lamba 429 tana da ma'ana biyu: ko an yi yawan kira cikin ɗan lokaci, ko kuwa kason kuɗin asusu ya ƙare. Maganin na farko jira ne, na biyu kuwa ba abin da wakili zai iya yi sai ya koma wurin mai asusu. Haka nan Jagora ya ambaci cewa ana iya bukatar tantance ƙungiyar da ke da asusun kafin a buɗe mata gpt-image-1, aikin da mutum ne kaɗai zai yi shi. Akwai kuma ƙin da ke zuwa daga matatar da ke hana wasu hotuna. Waɗannan kurakurai iri-iri ne, kuma abin da wakili yake bukata shi ne a rarraba masa su gida uku a wuri ɗaya: wanda ake jira a sake, wanda ake gyara gurbi a sake, da wanda ake tsayawa a kira mutum.

Kafin mu bar wannan sashe, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Gargaɗin da aka yi game da rubutu a cikin hoto na bai ɗaya ne, bai bambanta haruffa ba. Ga wanda zai sa wakili ya gyara allon sanarwa ko bangon littafi na Hausa, lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ba ado ba ce, ita ce ke raba bari da ɓari, ta raba kafa da ƙafa. Tun da sabon injin yana iya taɓa abin da mayafi ya lulluɓe, rubutun da ba a ce a gyara ba shi ma yana cikin haɗari, kuma ya wajaba mai ba da aikin ya sa wakilinsa ya sake karanta kowace kalma bayan gyara.

8.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari kamar haka, ga masu wallafa irin waɗannan takardu da kuma masu naɗe su don wakilai:

(a) Duk gargaɗin da ya shafi wani gurbi a sa shi cikin bayanin gurbin kansa, ko da an maimaita shi a Jagora. Maimaici aibi ne a adabi, amma a nan kariya ne.
(b) In injina biyu suka bambanta a hali, a ba kowanne jadawalinsa, yadda manhaja za ta ƙi gurbin da bai dace ba tun kafin a aika.
(c) A rubuta a fili abin da na'ura ba ta lamunce ba: cewa yankin da aka lulluɓe yana iya sauyawa, girman hoto zai ragu, kuma kira biyu ba sa ba da sakamako ɗaya.
(d) A gaya wa wakili yadda zai binciki aikinsa. Alal misali, ya ajiye asali, ya kwatanta yankin da aka lulluɓe kafin gyara da bayansa, in kuma ana bukatar tabbaci ya yanko yankin da aka gyara kaɗai ya ɗora a kan asalin.
(e) A ajiye kimar kuɗi da ta lokaci kusa da gurbin da ke jawo su.

9.0 Kammalawa

A wannan takarda mun auna takardun bayanin ƙofar gyaran hoto ta OpenAI, a zubinsu na 2025, da tambayoyi huɗu. A ta farko sun ci jarrabawa da kyakkyawan sakamako. A ta uku da ta huɗu bayanin yana nan, sai dai a warwatse. A ta biyu ne muka ga babban giɓi, domin maganar da ta fi kowace muhimmanci, watau cewa mayafi ya daina zama shinge, an ajiye ta a Jagora, ba ta kai ga bayanin gurbin da wakili yake dogaro da shi ba.

Ba mu ɗauki wannan a matsayin sakaci na kamfani ɗaya ba. Al'adar raba Ƙamus da Jagora tsohuwa ce a wannan fanni, kuma ta yi wa mutane amfani shekara da shekaru, domin mutum yana iya tafiya daga wannan sashe zuwa wancan. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, amma wakilin inji ba ya tambayar abin da bai san akwai shi ba. Muna fata masu nazari a cikinmu za su ɗauki waɗannan tambayoyi huɗu su auna wasu na'urorin da su, musamman na fassara da na mayar da magana rubutu, waɗanda aikinsu ya fi kusa da harshenmu, don mu ga ko giɓin da muka gano a nan yana can ma.